Muzurun da ya koya wa yaran Amurka karatu

A shekarar 1954 marubuci John Hersey ya fitar da maƙala a mujallar Life yana kukan cewa yaran firamaren Amurka ba su iya karatu yadda ya kamata ba. Maimakon ya dafe malamai ko iyaye, sai ya ɗora laifin a kan littattafan da ake ba yaran. Cike suke da 'yan yara tsaf-tsaf masu ladabi, ba ƙiriniya, ba ɓata riga, kare ya gudu su ce kare ya gudu, shi ke nan labari ya ƙare. Wane yaro ne zai ɗokanta ya buɗe shafi na gaba? Hersey ya ba da shawarar a jawo gwanayen masu zanen littattafan yara cikin aikin, kuma a jerin waɗanda ya ambata akwai Dr. Seuss.

Sunansa na yanka Theodor Seuss Geisel, haifaffen garin Springfield na jihar Massachusetts a 1904. Ba likita ba ne. Ya tafi Oxford a Ingila neman babban digiri, ya dawo bai gama ba, sai ya liƙa wa kansa laƙabin Dr. cikin raha. Da zane yake cin abinci. Ya daɗe yana zana tallar maganin sauro na Flit, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi wa jaridar PM ta New York zanen siyasa sama da 400, yana caccakar Hitler da Amurkawan da ke cewa babu ruwansu da yaƙin. Littafinsa na farko na yara ya fito a 1937, bayan kamfanonin ɗab'i fiye da 20 sun ƙi karɓarsa.

Wanda ya mayar da kukan Hersey aiki shi ne William Spaulding na kamfanin Houghton Mifflin. Ya miƙa wa Geisel jerin kalmomi 348 da ake ganin ɗan aji ɗaya zai iya ganewa, ya ce ya tsinto daga ciki ya rubuta littafin da yaro ba zai yarda ya ajiye ba. Geisel ya ɗauka abin wasa ne, ashe watanni masu yawa zai kwashe yana fama, domin duk dabbar da ya so sakawa sai ya tarar sunanta ba ya cikin jerin. Ya sha ba da labarin cewa da abin ya ishe shi, sai ya ƙudurta zai gina littafin a kan kalmomi biyu na farko da ya samu masu amsa-amo ɗaya. A Turanci kyanwa da hula sun dace. Haka The Cat in the Hat ya fito a 1957, da kalmomi 236 kacal.

Ga abin da ke ciki. Ana ruwan sama, uwa ta fita, yaro da 'yar'uwarsa sun yi tagumi bakin taga. Sai ga wani zabgegen muzuru ya faɗo gidan babu sallama, yana tafiya da ƙafa biyu, da doguwar hula mai ratsin ja da fari. Mai hankali ɗaya a gidan shi ne kifin da ke cikin tulun gilashi, wanda ke ta faɗa cewa a kori baƙon nan tun uwa ba ta dawo ba. Muzuru ko a jikinsa. Ya hau ƙwallo ya tsaya, ya ɗora kofi da littattafai da kek da madara, ya cira kifin sama a kan lema, yana fifita da wutsiya. Ko wanda bai san baƙi ba ya san ƙarshen wannan. Komai ya zube, kifi ya afka cikin butar shayi, kansa a waje, bakinsa bai daina mita ba. Daga baya muzurun ya dawo da wata na'ura mai hannaye barkatai ya gyara gidan tas, ya fice. Uwa ta shigo ta tambayi yadda suka wuni, littafin ya tsaya nan, ya bar wa mai karatu tambayar ko zai faɗi gaskiya.

A nan gwanintar take, kuma ta fi ƙarfin ban dariya kawai. Kalmomi 236 ba za su iya bayyana takaicin kifin nan ba, zanen ne ya ɗauki wannan nauyi. Yaro yana duban fuskar kifin ya gane halin da ake ciki, sannan ya sauko kan rubutun da rabin amsa a hannunsa. Amsa-amon baitocin ma yana taya shi: in ya ji yadda layin farko ya ƙare, kunnensa ya riga ya hango kalmar da za ta rufe na biyu, in ya canka daidai sai daɗi ya kama shi ya ƙara gaba. Kalmomin suna ta maimaituwa, amma kowane karo ɓarnar ta ƙaru, saboda haka bitar ba ta gundurarsa. Iyayen da ke ƙwace littafi mai zane daga hannun yaro su ce ya bar wasa ya ɗauki na makaranta, sau da yawa karatun ne suke ƙwacewa. Abin dariya, makarantun Amurka ma sun yi ɗari-ɗari da littafin muzurun da farko, a kantuna ne iyaye suka yi ta wawasonsa.

A 1958 Geisel da matarsa Helen da Phyllis Cerf suka kafa kamfanin ɗab'i na Beginner Books don irin waɗannan littattafai. Bennett Cerf, mai kamfanin Random House, ya ƙure Geisel cewa ba zai iya rubuta littafi da kalmomi 50 ba. Ya rubuta, ya fito a 1960 da sunan Green Eggs and Ham, labarin wani mai naci da ke bin wani lungu-lungu sai ya ɗanɗana koren ƙwai da naman alade. Abincin dai ba namu ba ne, amma duk uwar da ta taɓa bin yaro da cokali ta san wannan dambarwa.

Geisel ya rasu a 1991, sai dai hisabin zanensa bai ƙare ba. Ranar 2 ga Maris 2021, wadda ta yi daidai da ranar haihuwarsa, kamfanin da ke kula da ayyukansa ya sanar da daina buga littattafansa 6 saboda yadda suka siffanta wasu al'ummu, har da na farkon nan na 1937. A If I Ran the Zoo na 1950 ya zana wasu 'yan Afirka biyu ba riga ba takalmi, da bantan ciyawa, fuskokinsu kamar ba na mutane ba. Wasu Amurkawa sun yi ta hayaniya cewa an zalunci mamaci, suna kafa hujja da The Sneetches na 1961, wanda ya rubuta don sukar wariya. Ni ina ganin kamfanin ya yi daidai. Hujjar da ta ɗaukaka shi ita ce yaro yana karanta zane kafin ya karanta baƙi, kuma ɗan shekara shida da ya buɗe wancan shafi ba The Sneetches ne a gabansa ba.