Ranar da Na'ura Ta Koyi Zuwa Ta Tambayo

A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya da ke birnin New York ta ci wasu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000. A wata ƙara da suke yi da kamfanin jiragen sama na Avianca, sun kafa hujja da shari'o'i shida waɗanda ba a taɓa yin su ba a duniya. Manhajar ChatGPT ce ta kitsa musu su, da sunayen masu ƙara, da lambobin shari'a, har da kalaman alƙalai. Da ɗaya daga cikin lauyoyin ya koma ya tambaye ta ko shari'o'in na gaske ne, sai ta ce masa ƙwarai kuwa.

Wanda ya san yadda ake gina irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira ba zai yi mamaki ba. An ɗura musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan 'yar uwarta. Ba su da wani kundi da suke buɗewa su duba, kuma karatun nasu yana da ranar da ya tsaya. Kamar mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da iya zance wanda ya daɗe bai leƙa kasuwa ba: ka tambaye shi kuɗin buhun masara, ya faɗa maka na bara, ko ya ƙiyasta, ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Maganin abin shi ne a tashe shi ya je ya tambayo.

Wannan aiken shi ne abin da masana suka duƙufa a kai. Manyan rumbunan bayanai na intanet suna da wata ƙofa ta musamman da aka tanada domin manhajoji, wadda ake kira API. Ta nan manhaja ke miƙa tambaya a tsararren tsari, a ba ta amsa a tsararren tsari. A watan Maris na 2023 kamfanin OpenAI ya fara haɗa ChatGPT da irin waɗannan ƙofofi, a watan Yuni kuma ya ba masu gina manhaja damar yin haɗin da kansu. Sai dai kowace ƙofa da irin mahaɗinta, aiki ya yi yawa. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna MCP, ya bar ta a buɗe ga kowa, kuma a 2025 OpenAI da Google suka karɓe ta.

Bari mu bi tambaya guda daga farko har ƙarshe. Ɗalibi ya rubuta da Hausa: "Waɗanne ƙasashe ne ke iyaka da Nijar?" A ce an haɗa manhajar da Wikidata, rumbun nan na kyauta da aka buɗe a 2012, mai ɗauke da abubuwa sama da miliyan 100. A can kowane abu da lambarsa. Nijar ita ce Q1032, Najeriya Q1033, alaƙar yin iyaka kuma P47. Manhajar sai ta juya tambayar ɗalibin zuwa SPARQL, harshen da rumbun ke ji: a kawo duk abin da Q1032 ke da P47 da shi. Ba ita ce ke zuwa da kanta ba. Wata ƙaramar manhaja ce ke kai saƙon, ta dawo da jerin lambobi, sannan babbar manhajar ta mayar da su zance: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi. Alfanun da ya fi burge ni a nan shi ne, yanzu amsa tana da asali. Mai shakka zai iya bin sawu ya gani da idonsa.

Amma kada a ɗauka an gama. Manhajar na iya tsara tambayar ba daidai ba. Ka tambaye ta game da Tudun Wada, ta ɗauko maka ta Kaduna alhali ƙaramar hukumar da ke jihar Kano kake nufi, kuma ta kawo maka alƙaluma tsaf, masu kama da gaskiya. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan muni, wanda masanin manhaja Simon Willison ya ja hankali a kansa tun a watan Satumban 2022: mugu na iya ɓoye umarni a cikin shafin da manhajar za ta karanto, ita kuwa ba koyaushe take bambance bayanin da aka aike ta ta ɗauko da umarnin mai ita ba. Idan an riga an ba ta ikon shiga akwatin imel ko asusun banki, to ɓarna ta samu hanya. Masu ƙofofin ma suna iya rufewa. A 2023 Twitter da Reddit duk sun sa kuɗi mai tsada a kan ƙofofin da a da ake shiga kyauta.

Abin da ya fi damuna dai yana gida. Manhaja ba za ta ɗauko abin da ba a ajiye ba. Bankin Duniya ya buɗe alƙalumansa ga kowa tun 2010, amma idan aka tambayi yawan al'ummar Najeriya, abin da zai bayar ƙiyasi ne, domin ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Rahotanni da dama na hukumominmu kuma, idan ma sun hau intanet, hotunan takardu ne da aka ɗora, ba jadawalin da na'ura za ta iya yi wa tambaya ba. Farashin hatsi a Dawanau, adadin malamai a makarantun karkara, sunayen ƙauyuka da asibitocinsu: duk inda aka bar gurbi, manhajar za ta koma tsohon halinta na ƙiyasi, ko ta cike da abin da baƙi suka rubuta a kanmu.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman bayanan gwamnati. Lokaci ya yi da ma'aikatu da hukumomin ƙididdiga na jihohi za su riƙa wallafa alƙalumansu a tsarin da na'ura ke karantawa, da kwanan wata a jiki, ba sai an roƙa ba. Ɗalibai da malaman jami'o'inmu kuma su sani Wikidata a buɗe take ga kowa, kuma tana karɓar sunaye da bayani da Hausa. Duk wanda ya san garinsu da kyau, ya shiga ya duba abin da aka rubuta a kansa, ya gyara, ya kuma sa madogara.