Mazaunin Injin Mota: Ƙaramar Roba Mai Babban Aiki

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, noman rani ya zama babbar sana'a a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda ke cikin Jihar Zamfara tun daga 1996. Motocin da ke kwaso shinkafa da kayan lambu daga gonaki zuwa kasuwar Talata kan bi hanyoyin burji masu gargada, ɗauke da kaya masu nauyi, cikin zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. A irin wannan hali akwai wani ɗan abu a cikin mota da ke saurin gajiya, ba a kuwa cika kula da shi ba sai ya jawo asara. Wannan abu shi ne mazaunin inji, wanda kanikawa ke kira injin-sit.

Me ya sa inji ke bukatarsa?

Inji ba ya zama shiru. A injin da ke da silinda huɗu, mai kan kama da wuta sau biyu a kowane juyi guda. Ke nan idan mota na tsaye injinta na juyi 800 a minti ɗaya, ana samun fashewa 1,600, wato kimanin 27 a kowace daƙiƙa. Bugu da ƙari, dokar motsi ta uku ta Isaac Newton ta nuna cewa duk abin da ya tura wani, shi ma za a tura shi da ƙarfi daidai da wannan. Saboda haka yayin da inji ke murɗa ƙafafun mota, jikinsa na ƙoƙarin murɗewa ta ɗaya ɓangaren.

Da za a ɗaure inji ƙarfe da ƙarfe a jikin mota, duk wannan girgiza sai ta ratsa ko'ina. Shi ya sa ake ɗora inji da giyabos a kan mazaunai uku ko huɗu. Kowanne ƙarafa biyu ne da aka manne da roba mai kauri a tsakani. Robar kan lotsa ta dawo, ta haɗiye girgizar, ta mayar da wani kashi nata ɗumi. Wannan ya yiwu ne albarkacin binciken Charles Goodyear, wanda a 1839 ya gano cewa dafa roba da farar wuta kan ƙara mata ƙwari. A 1931 kuma kamfanin Chrysler na Amurka ya yi suna da ɗora injin motarsa Plymouth a kan roba. Wasu motocin zamani ma mazauninsu na ɗauke da ruwa na musamman a ciki don ƙara danne girgiza.

Abokan gaban roba

Abubuwa uku ne ke kashe wannan roba. Na farko zafi da iska, waɗanda kan busar da ita har ta tsage. Na biyu baƙin mai: idan yana ɗiga a kanta, sai ta kumbura ta yi laushi. Na uku nauyi da gargada, domin duk ramin da mota ta faɗa, inji kan fizgi mazauninsa.

Yadda ake gane lalacewarsa

Alamar farko ita ce rawar sitiyari da kujeru idan mota na silo. Ta biyu, ƙarar bugu lokacin tashi, ko sa ribas, ko sakin totur. Sai dai ba kowace girgiza ba ce laifin mazauni. Idan fulogi ya mutu, inji kan yi sassarfa, sautinsa ya canja, ƙarfinsa ya ragu. Idan kuwa sautin inji na tafiya daidai amma mota na rawa, to a tuhumi mazauni.

Bakanike kan fara da dubawa da tocila: ko robar ta tsage, ko ta rabu da ƙarfenta, ko ta zauna, ko ruwan cikinta ya zubo. Daga nan sai a ja birkin hannu, a sa waigi, a buɗe bonet. Direba ya taka birki, ya sa giya ɗaya, ya ɗan saki kuloci a hankali, sannan ya maimaita da ribas. Mai kallo ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya tsaya a gaban mota ko bayanta. Lafiyayyen mazauni kan bar inji ya ɗan karkata kaɗan. Mataccen kuwa sai a ga inji ya yi tsalle.

Canja shi

Da farko a cire kan batir. A tallafi inji da jak, amma a sa guntun katako tsakanin jak da tukunyar baƙin mai don kada ta lotsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kwance mazauni ɗaya bayan ɗaya, a gwada sabon da tsohon, a soma ɗaura notuna da hannu. Sai an sauke nauyin inji a kansa sannan a ƙulle su daidai ƙa'idar kamfani. Wajibi ne a duba sauran mazaunan, domin idan ɗaya ya mutu su ke ɗaukar wahalarsa. A kuma toshe inda mai ke yoyo, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba.

Wasu kan yi dabarar cusa guntun taya ko like mazaunin da walda. Wannan araha ce wadda ba ta ado, domin girgizar za ta koma kan jikin mota. Inji mai tsalle kan tsinka tiyon lagireto, ya fasa salansa, ya yanke wayoyi, har fanka ta ci lagireto a irin su Peugeot 504. Manomin da motarsa ta mutu a hanyar Bakura da lodin tumatir a tsakar rana zai yi asarar da ta ninka kuɗin robar sau da dama. Duba mazaunin inji duk lokacin da aka je juyen baƙin mai ba ya ɗaukar minti biyar, rigakafi kuwa ya fi magani.