Ƙananan Halittun Ruwa da Cinikin Banda a Maiduguri

Da wuya mai sayen banda a unguwar Bulabulin ta Maiduguri ya san cewa irin kifin da ake tallata masa ya ta'allaƙa ne da wasu mitsi-mitsin halittu masu shawagi a cikin Tafkin Chadi. Masana na kiransu zufilankitan. Akasarinsu dangin jatan lande ne, kuma da yawansu ba su kai milimita 2 ba. Suna cin ɗan tsiron da ke yawo cikin ruwa, 'ya'yan kifi kuma su cinye su.

Binciken da hukumar ORSTOM ta Faransa ta gudanar a tafkin tun daga shekarun 1960 ya nuna cewa halittun ba su bazu daidai wa daida ba. Sun fi yawa a lafaffen ruwan da ke tsakanin tsibirai, sun kuma ƙaranta inda ruwan kogin Shari ke kwararowa, kogin da shi da Lagon ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin. Shemani da wasu jinsunan ƙurungu sun dogara da su wajen abinci ko bayan sun girma.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan bai kai 2,000 ba. Da farko masunta sun ga kamu ya ƙaru, domin kifi ya cunkushe wuri ɗaya. Wannan riba ce ta cin jari. Da fadama ta maye gurbin buɗaɗɗen ruwa, sai shemani ya ja baya, tarwaɗa da karfasa masu jure ƙarancin iska suka mamaye kwalayen da ake saukewa a kasuwar kifi ta hanyar Baga kafin a loda su zuwa Anaca da Legas.

A teku ma haka lamarin yake. Gaɓar Ghana na samun yalwar waɗannan halittu tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa da sinadarai, kuma a lokacin ne kamun sadin ke bunƙasa. Sai dai can iska da igiyar ruwa ke juya al'amarin, alhali a Chadi damina ce a kudancin ƙasar Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, tare da yawan ruwan da ake janyewa domin noman rani.