Mai Yuraniyom Ba Lallai Ya Ga Wuta Ba

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun shayi, daga Agadas har Kano: wai da Turawa sun bar wa Nijar yuraniyom ɗinta, da tuni ƙasar ta wadatu da lantarki har ta sayar wa maƙwabta. Masu faɗin haka suna da abin kamawa. Tun 1971 ake haƙar ma'adinin nan a Arlit, Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, ga kuma akasarin ƙauyukan Nijar ko turken wuta babu. Duk mai adalci zai ji ciwon wannan, kuma ƙorafin farashi da rabon riba ƙorafi ne na gaskiya. Inda na raba hanya da 'yan'uwa shi ne ɗaukar cewa wanda ya mallaki yuraniyom ya riga ya ci rabin tafiya zuwa tashar nukiliya.

Abin da ke fita daga Arlit gari ne da ake ɗurawa a durom-durom na ƙarfe, wanda har zuwa 2023 aka yi shekara da shekaru ana jan sa a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwan Kwatano. A cikinsa, nau'in da ke ba da wuta bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, alhali yawancin tashoshin duniya sai da kashi 3 zuwa 5. Dole a mai da garin iska, a juya ta a dubban injinan tacewa, a sake daskarar da ita, a curo ƙananan ƙwayoyi a jera cikin dogayen bututai. Kamfanonin da ke wannan tacewa domin kasuwa 'yan ƙalilan ne: na Rasha, da na Faransa, da na Sin, da Urenco na Turai. Manomin auduga ke nan da masaƙa; gonarsa ba ta sa ya daina sayen yadi.

Dubi su wa ke da ma'adinin, su wa ke da wutar. Ostareliya ta fi kowa ajiyar yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa, amma ba ta da tashar lantarkin nukiliya ko ɗaya. Kazakistan ta fi kowa haƙowa, sai a Oktoban 2024 ta yi ƙuri'ar raba gardama kan gina tasha. Namibiya na haƙowa, tana kuma sayen wuta daga maƙwabta. Ita kuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da ba ta da mahaƙa, Koriya ta Kudu ta gina mata tukwanen nukiliya huɗu a Barakah masu megawat 5,600.

Dalili shi ne ɗanyen yuraniyom ƙaramin abu ne a cikin lissafin. Ginin ne ke cinye kuɗi. Tashar Daba'a da Rasha ke gina wa Masar tun 2022 ta tsayu ne a kan bashin dala biliyan 25 daga Mosko, kuɗin da ya ninka kasafin Nijar na shekara sau da yawa. Faransa ita kanta, da duk gwanintarta, ta fara sabuwar tukunyar Flamanville a 2007, ba ta jona ta da layin wuta ba sai Disamban 2024.

Sai matsalar da ba a cika kawowa a hira ba, wadda a ganina ta fi kuɗin ma wuya. Injiniyoyi na bin ƙa'idar cewa kada inji guda ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin layin wutar ƙasa, domin ranar da ya tsaya, ko don gyara ko don canza makamashi, kada ya ja kowa cikin duhu. Kowace tukunya ta Daba'a megawat 1,200 ce. Nijeriya, mai mutum fiye da miliyan 200, wutar da take rabawa kan yi ta kai-kawo tsakanin megawat dubu huɗu da dubu biyar, layin kuma ya sha durƙushewa. Na Nijar bai kai ko kusa ba. Kafin Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse layin Birnin Kebbi bayan juyin mulkin Nijar, yawancin wutar Yamai daga can take zuwa. Ita tashar nukiliya ko an kashe ta sai da wutar da za ta ci gaba da sanyaya ta, ga buƙatar ruwa mai yawa, shi ya sa tasha ɗaya tak da ke aiki a Afirka, Koeberg, take bakin teku kusa da Cape Town.

Yarjejeniyoyi kam ba a rasa su ba. Nijeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliya tun 1976, ta ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, ta sa hannu da kamfanin nukiliyar Rasha, Rosatom, a 2017. Abin da ke aiki har yau shi ne 'yar tukunyar bincike ta kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Gana ta ɗauko zancen tun zamanin Nkrumah. Burkina Faso ta rattaba hannu da Rosatom a 2023, Nijar ta bi sahu a 2025. Ban ce kada a yi ba. Horar da injiniyoyi da kafa hukumar sa ido mai cin gashin kanta aiki ne na shekara goma zuwa sha biyar, gara a fara da wuri.

Amma idan tashar nukiliya za ta taɓa tsayuwa a yankinmu, sai layin da ya haɗa ƙasashe da yawa ne zai iya ɗaukarta, irin wanda aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Binin. Kafin nan, madatsar Kandaji mai megawat 130 ta daɗe tana jiran a ƙarasa ta, kuma tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta riga ta fara ba Yamai wuta tun 2023.