GILASHIN JAWO NESA: SABO KO NA HANNU?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin gaɓar Kogin Kwara a ƙasar Bagudo, tun daga Lolo inda kogin ke shigowa Nijeriya har zuwa fadamun Illo, ya san Allah Ya hore wa yankin tsuntsaye iri-iri. Akwai dinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela, akwai shamuwa mai zuwa da farkon damina, ga kuma baƙin tsuntsaye masu tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu a wurinmu. Haka nan akwai jan-baki, wanda manoman shinkafa a Jihar Kebbi suka san ɓarnarsa. A hayin iyaka, cikin Jamhuriyar Benin da Nijar da Burkina Faso, ga Gandun Dajin W, wanda aka kafa a 1954, aka kuma raɗa masa wannan suna saboda yadda kogin ya lanƙwashe kamar harafin.

Masanin halittu ba ya wadatuwa da cewa "na ga tsuntsu kaza", sai ya kawo shaida, kuma shaidar da ta fi karɓuwa a yau ita ce hoto. Tun daga 2015 aka sa ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke daf da ƙarewa, gauraka kuwa ta yi wuyar gani a Nijeriya. Hoto ɗaya mai kyau, da kwanan wata da sunan wuri, yana iya zama hujjar cewa har yanzu akwai su a wuri kaza. To amma tsuntsu ba ya tsayawa a matso kusa da shi, saboda haka dole a nemi gilashin kyamara mai jawo nesa kusa. A nan ne ɗalibi ko malami ko ma'aikacin gandun daji yake cin karo da tambaya: ya sayi sabo, ko ya sayi na hannu? Tambayar ta ƙara nauyi tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka sakar wa naira mara, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da za a kashe ba ƙarami ba ne, kuma ga mafi yawanmu sau ɗaya ake yin wannan ciniki.

Yadda gilashin yake aiki

Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya bayyana a littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Gilashin kyamara aikinsa shi ne ya lanƙwasa wannan haske ya tara shi a kan allon da ke ɗaukar hoto. Lambar farko da ake rubutawa a jikinsa, alal misali milimita 400, ita ce tsawon matattarar haske, kuma ita ke nuna girman da abu zai fito. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki tsuntsu mai tsawon rabin mita, yana tsaye a nisan mita 50. Da gilashi mai milimita 50, siffarsa a kan allo rabin milimita ce kacal, wato ɗigo. Da mai milimita 400 kuwa za ta kai milimita 4, ninki takwas ke nan. Idan aka tuna cewa babban allon kyamara milimita 36 ne a faɗi da 24 a tsaye, za a gane dalilin da ya sa masu nazarin tsuntsaye ba su cika amfani da abin da ya gaza milimita 300 ba.

Lamba ta biyu, wadda ake rubutawa kamar f/5.6 ko f/2.8, tana nuna faɗin ƙofar haske. Ana raba tsawon da wannan lamba. Gilashi mai milimita 400 da f/5.6 ƙofarsa wajen milimita 71 ce, mai f/2.8 kuwa tasa ta kai 143. Na biyun yana shigar da haske ninki huɗu, amma ana biyan wannan da nauyi da tsada. Canon EF 400mm f/5.6L, wanda ya fito a 1993, nauyinsa kilo ɗaya da kwata ne, alhali ɗan'uwansa mai f/2.8 na 1999 ya haura kilo biyar. A ƙasa mai rana irin tamu, ƙaramar ƙofa takan wadatar a mafi yawan yini.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, ilmin haɗa waɗannan gilasai ya daɗe da nuna. Tun a 1891 Thomas Dallmeyer a Ingila da Adolf Miethe a Jamus suka fito da tsarin da ake bi, wato a haɗa gilashi mai tara haske a gaba da mai watsa shi a baya, don bututun ya gajarta. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro siririn shafen da ake yi wa fuskar gilashi. Ba tare da shi ba, kowace fuska takan mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na haske baya, ta yadda bututu mai gilasai goma, wato fuskoki ashirin, zai yi asarar fiye da rabin haskensa. Ke nan gilashi mai kyau da aka ƙera shekaru 20 da suka wuce, muddin ba abin da ya taɓa shi, yana nan da kaifinsa. Gilashi ba ya tsufa yadda batir ko kwamfuta ke tsufa. Abubuwan da ke kashe shi daban ne.

Maƙiyan gilashi a ƙasarmu

Babban maƙiyi shi ne fumfuna, irin wadda ke fitowa a kan tsohon burodi ko takalmin fata da damina. Ƙwayoyin irinta, musamman na dangin Aspergillus da Penicillium, suna yawo a iska ko'ina, kuma suna shiga cikin bututu duk lokacin da aka zuƙo shi ko aka mayar. Idan laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari na kwanaki a jere, ga ɗumi, ga duhu, sai su tsiro. Abincinsu ƙura ce da maiƙon yatsa da man da ke cikin bututun. Suna miƙa zaruruwa kamar saƙar gizo-gizo a kan fuskar gilashi, suna fitar da asid mai cin shafen. Idan aka gano da wuri, gwani zai iya kwancewa ya goge. Idan asid ya riga ya zana gilashin, tabon ya zauna har abada. Wannan cuta ta addabi sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a tsibirin Niu Gini, har sai da masana na Ostireliya suka duƙufa neman maganinta don ceto tabarau na hangen nesa.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Kayan hannu da yawa da ake sayarwa a Arewa sun biyo ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas, shi ya sa ma ake kiran wasunsu 'yan Kwatano. Waɗannan birane na bakin teku laimarsu ba ta cika sauka ƙasa da kashi 70 ba. Gilashin da ya yi watanni a kwantena ko a shago a can yana iya isowa da cutar a cikinsa, ko da jikinsa na sheƙi. Daɗin daɗawa, damina a bakin Kwara, musamman Agusta da Satumba, tana ba fumfuna duk abin da take so.

Maƙiyi na biyu ƙurar hunturu ce, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi. Tana da laushi ƙwarai, tana kutsawa ta kowace kafa, ta gauraya da mai ta riƙa cin ƙarafan da ke juyawa. Na uku zafi ne. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jakar da aka bari a cikin mota takan yi zafin da zai narkar da man bututu ya zama tururi, ya kwanta a kan gilasai kamar hazo. Zafi yana kuma raunana gam ɗin da ke manne gilasai biyu wuri ɗaya.

Abin da sabo ya fi na hannu

Sabo yana da fifiko uku na haƙiƙa. Na farko shi ne na'urar hana rawar hannu. Gilashi mai jawo nesa yana ninka girman abu, yana kuma ninka rawar hannun mai riƙe da shi. Tsohuwar ƙa'ida ita ce, da milimita 400 kada ƙiftawar kyamara ta yi jinkirin da ya wuce kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa. Canon ya fara sa wannan na'ura a gilashinsa mai milimita 75 zuwa 300 a 1995, Nikon ya biyo baya a 2000, kuma na yanzu sun fi na farko nesa ba kusa ba. Ga wanda zai yi aiki a cikin kwale-kwale, wannan babban taimako ne. Sai dai a sani, na'urar hannu take tsayarwa, ba ta tsayar da fiffiken tsuntsu. Na biyu shi ne saurin saita gani da kansa, wanda ke da amfani ga tsuntsu mai tashi. Na uku kuma garanti da samuwar kayan gyara, domin kamfanoni sukan daina ƙera kayan gyaran gilashi bayan wasu shekaru da daina yin sa. Amma mai saye ya tambaya tukuna ko garantin yana aiki a Nijeriya, domin da yawa an ɗaure su ne ga ƙasar da aka fara sayar da kayan.

Akwai kuma abin da sabo ba zai iya ba. Da tsakar rana, iskar da ke tashi daga yashi mai zafi takan sa siffa ta yi ta rawa, haka nan hazon hunturu yakan dusashe duk abin da ke nesa. Gilashi mafi tsada a duniya ba ya maganin waɗannan. Maganinsu sammako da iya laɓaɓa.

Abin da ya sa na hannu ya yi araha

A 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarori marasa madubi, masu sabon mahaɗi. Masu ɗaukar hoto da yawa a Turai da Amurka da Japan suka koma kansu, suka sayar da tsofaffin gilasansu masu mahaɗin EF na Canon, wanda ake amfani da shi tun 1987, da F na Nikon, wanda ya faro a 1959. Saboda haka kasuwa ta cika da kaya masu inganci waɗanda ba wani aibi ne ya sa aka rabu da su ba. Akasarinsu suna hawa sababbin kyamarori ta hanyar adafta. Duk da haka a tabbatar tukuna, domin wasu tsofaffin gilasan Nikon ba sa saita gani da kansu idan an ɗora su a kan adafta.

Yadda ake gwada na hannu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kada a biya kuɗi sai an riƙe kayan a hannu, an kuma ɗora shi a kan kyamarar da za a yi aiki da ita. A shiga wuri mai duhu, a cire marufan biyu, a buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a haska tocila ta baya a leƙa ta gaba, sannan a juya. 'Yan ɗigon ƙura ba abin damuwa ba ne, kowane gilashi yana da su. Zaruruwa masu rassa fumfuna ce. Fari-fari mai kama da hayaƙi hazon mai ne. Launin bakan gizo a gefe alamar gam ya fara saki. A shinshina jakarsa, domin warin rima ba ya ɓuya. A duba kawunan kusoshi, idan sun ci, an taɓa kwance shi. Lotsawa a bakin zobe alamar faɗuwa ce, kuma faɗuwa takan karkatar da gilasan ciki. Don gano wannan, a manna shafin jarida a bango, a ɗauki hotonsa kai tsaye daga kan ƙafa uku, a duba ko kusurwoyi huɗu sun yi daidai wajen kaifi. A saurari injin saita gani, ƙara ko tsayawa alamar ya kusa mutuwa. Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin gilashin. Wannan takarda tana kare mutum daga sayen kayan sata, tana kuma da amfani a gaban jami'an kwastan a mashiga irin ta Tsamiya.

Kammalawa

Ga ɗalibi ko malami mai ƙaramin ƙarfi, wanda zai iya gwada kaya da idonsa, gilashin hannu mai tsawo guda, kamar milimita 300 ko 400, shi ne mafi alheri, domin kayan cikinsa kaɗan ne kuma ba ya shaƙar ƙura kamar mai zuƙowa. Ga sashen jami'a da zai saya wa mutane da yawa, ko wanda zai yi oda daga nesa ba tare da gani ba, sabo ya fi, ko da mai matsakaicin farashi ne irin na Sigma ko Tamron mai milimita 150 zuwa 600. Na hannun da aka ga fumfuna a cikinsa kuwa a bar shi komai arharsa.

Ko wanne aka saya, a ware wani abu don adana shi. Roba mai rufuwa ruf, da ƙwayoyin silika masu shan danshi, da ɗan ma'aunin laima, sun isa su riƙe laimar tsakanin kashi 40 zuwa 50. Kada a ajiye shi a jakar fata da damina, kada a sauya gilashi a fili lokacin hunturu, kuma a riƙa fito da shi yana ganin haske. Har ila yau, yankin iyaka yana fama da matsalar tsaro, musamman dazuzzukan da ke kewaye da Gandun W, inda aka kashe masu gadin daji a ɓangaren Benin a watan Fabrairun 2022. Dogon gilashi a hannun baƙo yakan jawo zargi. Saboda haka mai bincike ya riƙe takardar sashensa, ya gai da hakimi ko dagaci, ya sanar da jami'an tsaro kafin ya fita, kuma ya nisanci ɗaukar hoton shingaye da gadoji.