Bayan Shuɗin Labule

A shekarar 1963, Jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Anjalis, wadda aka fi sani da UCLA, ta damƙa ƙungiyarta ta ƙwallon raga ta maza a hannun wani saurayi mai suna Al Scates, wanda bai wuce shekara 24 ba. Shi ma ɗan wasan ƙungiyar ne. A wancan zamani ƙwallon raga ba shi da wata daraja a jami'o'in Amurka, har hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, wato NCAA, ba ta shirya masa gasa. Aikin kocin bai isa ya riƙe magidanci ba, don haka Scates ya kama koyar da motsa jiki a makarantun firamare na Beverly Hills. Da rana yana fama da ƙananan yara, da yamma ya nufi jami'a wurin samarinsa. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

A 1965 da 1967 ya ci gasar jami'o'i da ƙungiyar ƙwallon raga ta Amurka ke shiryawa. Da NCAA ta soma tata gasar a 1970, a zauren Pauley Pavilion na UCLA aka buga wasan ƙarshe, masu gida suka doke Long Beach State. Daga nan kofi ya san hanyar gidansu. Cikin gasa bakwai na farko sun ɗauki shida, ta 1973 kawai ta kuɓuce musu zuwa San Diego State. A zauren Pauley ɗin ne John Wooden, kocin ƙwallon kwando na UCLA, ke tara kofunansa, idon duniya duk yana kansa, Scates kuwa yana gefe yana tara nasa ba ka-ce-na-ce.

Wanda yake son sanin sirrin mutumin sai ya leƙa wurin atisayensu. Akwai wani dogon labule shuɗi da ya raba zauren gida biyu. A gabansa zaratan ’yan wasa ke atisaye a idon koci. A bayansa kuwa sauran ne, waɗanda ba su kai ba tukuna. Suna jin ƙarar dukan ƙwallo da ihun abokansu, amma ba sa ganin komai. In wani na gaba ya yi sakaci, nan take sai a tura shi bayan labule, a kira wanda ya fi ƙwazo a can ya maye gurbinsa. Babba bai isa ya miƙe ƙafa ba, ƙarami kuma bai taɓa fid da rai ba. Kowace yamma sai mutum ya sake ƙwatar wurinsa da guminsa.

Wannan tarbiyya ta fitar da gwanaye. Mafi shahara shi ne Karch Kiraly, ɗan wani likita da ya tsero daga Hangari bayan boren 1956. Daga 1979 zuwa 1982 ya ci kofi uku da UCLA, kuma a 1979 da 1982 ko wasa ɗaya ba a doke su ba. A 1984 suka sake kammala kaka ba tare da shan kaye ba, suka ɗauki kofi na huɗu a jere. A wannan shekarar ce Amurka ta ci zinare a gasar Olamfik ta Los Anjalis, da tsofaffin yaran Scates uku a cikin tawagar: Kiraly da Dave Saunders da Steve Salmons. Kiraly ya ƙara zinare a 1988, ya kuma ci na ƙwallon ragar bakin teku a 1996.

Amma abin al'ajabi ya jira har 2006. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to Larabar wannan shekara ba ta nuna alamar alheri ba. Rabon UCLA da kofi tun 2000, Scates ya haura shekara 65, kuma bayan wasa 24 sun ci 12, an ci su 12. Ƙungiyar da ta saba gama kaka ba tabo ga ta tana faɗi-tashi a tsakiyar teburi. Amma daga nan ba a sake doke su ba. Suka ci wasa 14 a jere, suka tsallake gasar yankinsu, suka isa wasan ƙarshe na ƙasa. Abokan karawarsu su ne Penn State, kuma a zauren Penn State ɗin aka buga, gaban dubban magoya bayan masu gida. UCLA ta cinye zagaye uku ba ko ɗaya. Kofi na 19 ke nan ga Scates, kuma shi ne na ƙarshe.

A ganina ba sa'a ba ce. Yaran da suka saba cewa faɗuwar jiya ba ta hana mutum dawowa fili yau, su ne za su iya kallon rabin kaka da ta lalace su ce da sauran aiki. Abin da ya burge ni da tsarin Scates shi ne bai san lallashi ba, amma bai san zubar da mutum ba.

Ya yi ritaya a 2012 da nasara fiye da 1,200. Wanda ya gaje shi, John Speraw, ɗalibinsa ne da ya ci kofi a hannunsa a 1993 da 1995, sannan ya je Jami'ar Kalifoniya ta Irvine ya ciyo mata uku. Da ya dawo gida sai da aka yi haƙurin shekara goma, kafin UCLA ta doke Hawai a 2023, ta doke Long Beach State a 2024. Kofunanta suka zama 21, kuma babu wata jami'a a Amurka da ta kai ko rabin wannan adadi.