Dangantakar Ƙiba da Ciwon Damuwa da Cututtukan Fata a Tsakanin Ma'aikata

Makera, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, da maƙwabciyarta Kakuri, su ne cibiyar masana'antun birnin Kaduna. A nan masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL da Arewa suka biyo baya, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Da aka rufe KTL a 2002, wasu masaƙun suka bi sahu, dubban ma'aikata suka koma tuƙin keke-napep da gadin dare da zaman tireda. Wannan sauyi ya shafi lafiyarsu ta fuskoki uku da ake ɗauka kamar ba su da alaƙa, alhali kuwa kowace tana ciyar da 'yar'uwarta.

Masana kiwon lafiya suna auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, bayan an ninka tsawon da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan sakamakon ya kai 30, to ƙiba ta zama lalura. Wato mai tsawon mita 1.7 da ya kai kilo 87 ya shiga wannan rukuni, ko da kuwa a unguwa ana yaba masa da cewa ya yi tumbin kuɗi. Mai wuni a zaune bisa keke, abincinsa burodi da lemon kwalba da soye-soye, yana tara kitse ba tare da ya ƙoshi da abinci mai gina jiki ba. Aikin dare kuma yana dagula barci, ƙarancin barci kuwa yana ƙara yunwa.

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin rai na kwana ɗaya. Cuta ce da takan ɗauki mako biyu ko fiye mutum ba ya jin daɗin abin da ya saba so, ga kasala, ga ganin kansa ba a bakin komai ba. Magidancin da ya shekara yana jiran haƙƙinsa na sallama, ga kuɗin haya da na makaranta, yana cikin haɗarinta. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara bincike-bincike da dama, ya nuna cewa mai ƙiba ya fi waninsa haɗarin kamuwa da damuwa da kashi 55 cikin ɗari, mai damuwa kuma ya fi haɗarin ƙiba da kashi 58. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai damuwa ba ya motsa jiki, wani yakan nemi sauƙi wajen ci, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa a lokacin ƙunci kuma yana tara kitse a ciki. Wasu magungunan damuwar ma suna ƙara nauyi.

A fata ne abin yake bayyana. Inda nama ya naɗe, kamar hammata da matsematsi da ƙarƙashin teɓa, gumi yana kwanciya, fata tana gugar fata har ta saɓule. Ɗumi da laima su ne abin da ƙwayoyin fangas ke buƙata, musamman da damina, ga kakin aiki da takalmin roba da ake wuni a cikinsu. Ƙiba kuma tana jawo ciwon sukari, shi kuwa yana raunana garkuwar jiki, sai maruru ya riƙa fita a kai a kai, miki ya ƙi warkewa. Mai damuwa yakan yi sakaci da wanka da sauya tufafi. Daga nan ƙaiƙayi ya hana shi barci, wari da kunya su raba shi da majalisa, kaɗaici ya ƙara masa damuwa.

Abin takaici, galibi fatar kaɗai ake yi wa magani. A shiga kemis a sayi man shafawa mai sinadarin sitiroyid, ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, ƙwayar cutar kuwa ta ƙara yaɗuwa. Wanda kurji yake yawan dawo masa ya kamata a auna sukarinsa da nauyinsa, a kuma tambaye shi halin barcinsa da walwalarsa. Asibitin Gwamna Awan yana nan Kakuri, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya kuma yana Barnawa, ko da yake tsoron a kira mutum mahaukaci yana hana da yawa taka ƙofarsa.